Asibiti sun ce in riƙa tura bidiyon ɗana yana shaƙar maganin asma: rashin yarda ne?

Wata uwa da ke zaune a Ingila ta aiko da wannan tambaya: "Ɗana shekararsa 9, tun yana ƙarami yake da asma. Bana sau biyu ana kwantar da shi. Na ɗauka za su canza masa magani, sai ma'aikaciyar jinya ta ce in sauke wata manhaja a waya, in riƙa ɗaukar bidiyonsa safe da dare yana shaƙar inhela ina tura musu, har mako 6. Abin ya sosa mini rai. Gani suke ƙarya nake yi, ba na ba shi maganin? Kuma me bidiyo zai tsinana wa yaron da numfashi ke gagara?"

Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya, ya kuma saka miki da alheri kan ɗawainiya. Na gane inda abin ya taɓa ki. Uwar da ta kwana zaune tana sauraron ƙirjin ɗanta yana fito, a wayi gari a ce mata ta kawo shaida, dole ranta ya ɓaci. Sai dai ina ba ki shawara ki karɓi tsarin nan, domin abin da suke son gani ya fi ƙarfin ko kin ba shi ko ba ki ba shi ba. So suke su san ko maganin yana isa huhu.

Maganin asma ya bambanta da ƙwayar da ake haɗiya. Ƙwaya in ta wuce maƙogwaro, magana ta ƙare, sauran aikin na ciki ne. Inhela kuwa, wato 'yar na'urar da ake shaƙar maganin daga cikinta, sai mai shaƙa ya iya. In aka fesa ta kai tsaye a baki, ko a hannun wanda ya ƙware, ɗan kaɗan ne ke gangarawa huhu. Mafi yawa yana maƙalewa a harshe da bayan maƙogwaro, a haɗiye shi da yawu. In kuma hannu ya kuskure, ɗan kaɗan ɗin ma sai ya tafi. To kin ga yaro yana iya shaƙa safe da dare, uwarsa tana tsaye a kansa, ba fashi ko na kwana ɗaya, amma huhunsa kamar na wanda bai taɓa ganin magani ba.

Kuma kada ki ɗauka wannan matsalar yara ce kawai. A 2016 wasu masu bincike sun tattara nazarce-nazarce 144 da aka yi tsakanin 1975 da 2014, waɗanda suka shafi mutum sama da 54,000, don su ga yadda marasa lafiya ke amfani da inhela. Kashi 31 cikin 100 ne kacal suke yi daidai. Abin da ya fi ba ni takaici a binciken shi ne cikin shekara 40 ɗin nan adadin bai motsa ba. An canza na'urori, an buga takardun bayani masu hotuna, an yi ta koyarwa, amma jiya i yau. Mu ma ma'aikatan lafiya ba mu tsira ba; da yawa daga cikinmu in aka miƙa mana inhela aka ce mu gwada a gaban mutane, sai mun ji kunya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ɗakin likita ana nuna wa yaro cikin minti biyu ko uku, ya kwaikwaya, a ce madalla, a sallame ku. A lokacin yana cikin natsuwa, ya san ana kallonsa, kuma yanzun nan ya ga yadda ake yi. Bayan mako uku, ƙarfe bakwai da rabi na safe, takalmi ɗaya a ƙafa, ana kiransa ya fito kada a makara, yadda yake shaƙa daban ne. Wannan shaƙar ta gida ita ce ke riƙe da lafiyarsa, kuma ita ce likita bai taɓa gani ba. Bidiyon da aka ce ki turo, taga ce aka buɗe wa ma'aikaciyar jinya ta leƙa wannan lokacin.

Dabarar ba a kan asma aka fara ta ba. Daga maganin tarin tibi aka aro ta (wanda muke kira tarin fuka, sunan da yakan rikita mutane, tunda wasu da fuka suke kiran asma, alhali cututtuka biyu ne da ba su haɗa komai ba). Maganin tibi galibi wata 6 ake sha, kuma mutane sukan daina da zarar sun ji sauƙi, shi ya sa tun shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa tsarin da majiyyaci zai haɗiyi ƙwayarsa a gaban ma'aikacin lafiya. Duk wanda ya yi jinyar mai tibi a gida ya san wahalar wannan zirga-zirga. Da wayoyi masu kyamara suka yawaita sai aka ce, me zai hana ya ɗauki kansa yana sha ya turo? A 2017 hukumar ta amince da hakan a matsayin madadi. A 2019 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila da masu tibi 226: cikin waɗanda aka sa su turo bidiyo, kashi 70 cikin 100 an ga akasarin shan maganinsu a wata biyun farko, cikin waɗanda aka ce su bayyana ido da ido kuwa kashi 31 kawai.

A tibi tambayar guda ce: ya haɗiye ko bai haɗiye ba. A asma tambayar biyu ce, ya shaƙa, kuma yaya ya shaƙa, shi ya sa nake ganin bidiyo ya ma fi dacewa da asma. Likitocin yara da masana harhaɗa magunguna na Jami'ar Queen's da ke Belfast, a Ireland ta Arewa, suna cikin waɗanda suka fara gwada shi. A 2018 suka buga sakamakon ɗan ƙaramin gwaji da yara ashirin da 'yan kai waɗanda asmarsu ta ƙi lafawa: ana ɗaukar su safe da yamma har mako 6, ma'aikaciyar jinya tana dubawa tana mayar da gyara. Kafin wa'adin ya cika, yaran da suka jure suna turowa sun iya shaƙa yadda ya kamata. Gwajin ƙarami ne, ba zan ce miki ya yanke hukunci ba, kuma ba duka yaran ne suka kai ƙarshe ba. A Amurka ma akwai kamfanin da ya samo asali daga Jami'ar Johns Hopkins ta Baltimore da ya fara da masu tibi sannan ya faɗaɗa zuwa masu asma. Hujja mafi ƙarfi kan amfanin sa ido a shaƙar yara daga makarantu ta fito: a birnin Rochester na jihar New York, an bi yara 400, rabinsu suna shaƙar maganin kariya a gaban ma'aikaciyar jinyar makaranta tare da ganin likita ta bidiyo. A sakamakon da aka buga a 2018, kashi 7 cikin 100 na waɗannan ne suka je sashen gaggawa ko aka kwantar saboda asma, sauran yaran kuwa kashi 15.

Yanzu ga abin da mai kallon bidiyon take nema, kuma ke ma za ki iya fara lura tun daren yau. Ya girgiza inhelar kafin ya fesa? Ya riƙe ta a tsaye, gwangwanin yana sama? Yana amfani da sifesa, wato bututun roba mai faɗi da ake haɗawa tsakanin inhela da baki don maganin ya ɗan tsaya ya jira numfashi? Leɓɓansa sun kama bakin bututun sosai, ko akwai kafa a gefe? Ya fitar da numfashi tukuna kafin ya ja? Fesa ɗaya ya yi ya shaƙe sannan ya sake girgizawa ya yi ta biyu, ko ya danna sau biyu a jere don ya huta? Wannan na ƙarshe kuskuren yaran da ke sauri ne, kuma yana zubar da magani da yawa, domin ɗigon maganin suna manne wa jikin bututun. Sai jan numfashin kansa: inhelar feshi a hankali ake janta, dogon ja, sannan a riƙe numfashi har wajen daƙiƙa 10 in zai iya, ko kuma ya yi numfashi na yau da kullum sau biyar cikin sifesar. Wasu sifesoshin suna yin fito in an ja da ƙarfi. Yara da yawa sun ɗauka fiton nan alamar sun yi daidai ce, har gasa suke yi, alhali gargaɗi ne cewa an yi garaje. Inhela mai garin magani kuwa, irin wadda ake murɗawa ko a ja mata kunne, akasin haka take: da ƙarfi da sauri ake janta, kuma ba a hura numfashi a cikinta don damshi yana dunƙule garin. Yaron da aka canza masa daga wannan zuwa waccan ba tare da an sake koya masa ba, sai ya ci gaba da tsohon salo a sabuwar na'ura.

Akwai abubuwan da ba a zata ba da bidiyo yakan tona. Na sha ganin inhelar da ta ƙare tuntuni ana ta fesa ta, domin ko maganin ya ƙare iskar da ke tura shi tana ci gaba da fita, ana jin ƙara, ana ganin hayaƙi. In babu maƙirgin da ke nuna fesa nawa ta rage a jikinta, lissafi za ki yi: mai fesa 200, in ana yin biyu da safe biyu da dare, kwana 50 ne, mai 120, wata ɗaya. Rubuta ranar da aka buɗe a jikin kwalin. Na kuma sha ganin an musanya inhela biyun, wanda shi ne kuskure mafi haɗari. A Ingila galibi shuɗiyar, salbutamol ko Ventolin, ita ce ta agaji: tana saki tsokar da ta shaƙe hanyoyin iska cikin mintuna, amma ba ta taɓa kumburin da ke ƙasa. Mai ruwan ƙasa ko wani launin ita ce ta kariya, mai ɗauke da sitiroyid, wadda ke kwantar da kumburin a hankali cikin kwanaki da makonni. Tunda shuɗiyar ce ake jin aikinta nan take, zuciya takan karkata gare ta, a mayar da ɗayar ta je-ka-na-yi-ka. Wani bincike da aka yi a Birtaniya kan mutum 195 da asma ta kashe, wanda aka fitar a 2014, ya gano cewa da yawansu sun karɓi inhelar agaji fiye da 12 a shekara, ta kariya kuwa ƙasa da abin da ya kamata. Tun 2019 ƙa'idojin kula da asma na duniya suka daina ba da shawarar a bar manya da matasa da inhelar agaji ita kaɗai.

Sai batun zargi, wanda shi ne ya fi damun ki. Ba zan ɓoye miki ba, eh, bidiyon yana nuna ko an yi fashi, kuma likitoci suna da dalilin son sani. A Belfast ɗin dai, a 2009, an duba takardun karɓar magani na manya 182 da aka turo asibitin ƙwararru saboda asmarsu ta gagara. Kashi 35 cikin 100 ba su karɓi fiye da rabin inhelar da aka rubuta musu ba, kuma akasarinsu da farko sun ce suna sha, sai da aka nuna musu takardun suka amsa. Ni ban ɗauki waɗannan mutane maƙaryata ba. Mutum yakan tuna ranakun da ya sha ya manta waɗanda ya tsallake, kuma ba wanda ke son ya ba likitansa kunya. A yara akwai ƙari: ɗan shekara 9 ya kai lokacin da ake ce masa "je ka shaƙi maganinka" daga kicin, ya amsa da "na shaƙa" daga ɗaki. Ke kin ba da umarni, shi ya amsa, kowa ya yi gaskiya a ganinsa.

Abin da ya sa sanin ke da muhimmanci shi ne matakin da ke gaba. In likita ya yarda cewa maganin yanzu yana shiga huhu kuma bai isa ba, zai ƙara ƙarfinsa, ya ƙara wani a kai, ya yawaita ba da ƙwayar sitiroyid ta firedinisolon, ko ya kai ga allurai masu tsada da ake yi wa masu asma mai tsanani. Kowanne yana da nasa nauyin a jikin yaro. In ashe matsalar kafa ce a gefen leɓe, an ɗora masa duk wannan a banza. Don haka asibitin da ya ce a tsaya a duba kafin a ƙara magani, a wurina asibiti ne mai hankali. Wataƙila ma za ki ga suna sa shi ya hura cikin wata na'ura kafin a fara da bayan an gama. Tana auna wata iska da ke ƙaruwa in hanyoyin numfashi sun kumbura, kuma in adadin ya faɗi sosai bayan an tabbatar maganin yana shiga, an gane cewa maganin yana aiki, isarsa ce ta yi ƙaranci.

Na san kalmar sitiroyid tana tsorata iyaye, kuma wasu a ɓoye suke rage shi saboda tsoron ya hana yaro girma. In hakan na ranki, ki faɗa musu kai tsaye. Wani dogon bincike a Amurka da ya bi yara har suka girma ya samu bambancin tsawo na wajen santimita ɗaya da ɗigo biyu tsakanin waɗanda suka shaƙi sitiroyid ɗin budesonayid shekaru da waɗanda ba su shaƙa ba. Akwai shi, amma ki auna shi da kwanciya biyu a shekara guda, da ƙwayoyin sitiroyid masu ƙarfi da ake ba shi duk lokacin da ya tashi. Sifesa da kurkure baki bayan shaƙa suna rage farin ƙurajen baki da dashewar murya.

Tsarin yana da iyaka, kuma gara ki san ta. Kyamara tana ganin hannu da leɓe da ɗagawar ƙirji, ba ta auna ƙarfin jan numfashi, ba ta ganin cikin huhu. Galibi kuma ba kai tsaye ake kallo ba. Kin tura, sai wani lokaci a ranar ko washegari a duba. Saboda haka kada ki taɓa ɗaukar manhajar a matsayin hanyar neman agaji. In yaro ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa, ko leɓɓansa sun canza launi, ko shuɗiyar ba ta riƙe shi awa huɗu, ki bi rubutaccen tsarin gaggawar da aka ba ki, ki kira lambar gaggawa ta 999, bidiyo ya jira. Sannan akwai gajiya. Makon farko abin wasa ne, yaro yana murna ana ɗaukarsa. Mako na huɗu ya zama aiki. Shi ya sa aka yanke wa'adi. Manufar ita ce hannu ya saba har ya riƙa yi ba tunani, kamar yadda ya iya alwala, daga nan a janye. Abin da ba a tabbatar ba sosai shi ne tsawon lokacin da gyaran ke ɗorewa bayan an daina, don haka ki nemi a sake dubawa bayan 'yan watanni, musamman in an canza masa na'ura.

Kuma amfanin duka yana wurin amsar da ake mayarwa. Bidiyon da aka tura ba wanda ya ce komai a kansa, ɓata data ne kawai. Ki tambaye su wa ke kallo, cikin awa nawa za ki ji daga gare su, kuma me za su yi in kwana biyu ba su ga saƙo ba. Ki tambayi inda ake ajiye hotunan, wa ke da ikon buɗewa, da ranar da za a goge su. Haƙƙinki ne a dokar ƙasar, kuma kina da ikon janyewa. Ta ɓangarenki, ki zaɓi wuri ɗaya a gidan mai haske, bango a bayansa, yaro cikin sutura, ba kowa a bayan fage. Ki jingine wayar ta kama fuskarsa da hannuwansa daga ɗan gefe, yadda za a ga leɓe da bututu tare, a fara tun daga cire murfi har zuwa kurkure baki. Ki haɗa shi da abin da ba a fashinsa, kamar goge haƙora. In azumi ya riske ku kuma yana gwada yi, maganin safe da dare yana zama daidai a sahur da bayan shan ruwa.

Roƙo ɗaya nake miki: kada ki gyara bidiyon. In ya yi kuskure, kada ki goge ki ce ya sake, don sake fesawa ƙarin magani ne, kuma kuskuren shi ne abin da ake nema. Kada kuma ki tsaya kina raɗa masa matakai daga bayan waya a kwanakin farko. Bar shi ya yi yadda ya saba. In ranar ta kuɓuce muku, ki rubuta musu cewa an manta. Wannan bayanin ya fi musu amfani da jerin bidiyo marasa aibi, domin ta nan za a gane ko safiya ce ke ba ku wahala, a duba ko akwai maganin da zai fi dacewa da tsarin gidanku.

Tunda na san masu karanta wannan amsa da yawa suna gida ne, ba a Ingila ba: dabarar ba ta buƙatar manhaja ta musamman. Uwa a Kano ko Maraɗi tana iya ɗaukar ɗanta ta nuna wa likita ko mai harhaɗa magani ranar da suka koma, ko ta tura ta WhatsApp in ya amince, da sanin cewa wannan hanyar ba ta da kariyar sirri irin ta asibiti. Sai dai a can matsalar takan riga kyamara: inhelar kariya tana da tsada ko babu ita a kusa, ana dogaro da ƙwayar salbutamol da ruwan maganin tari, ga jita-jitar cewa wanda ya fara inhela ba ya rabuwa da ita, wadda ba gaskiya ba ce. Sifesa kuwa akwai mafita. A 1999 likitocin yara a Cape Town ta Afirka ta Kudu suka nuna cewa gorar roba mai cin rabin lita, in aka huda gindinta daidai bakin inhela aka toshe kafar, tana aiki kusan kamar ta kanti. In za ku je gida hutu lokacin hunturu, ga ƙura ga hayaƙin itace ga turaren wuta da maganin sauro na kunnawa, ki tafi da inhelar kariya da za ta ishe shi har ku dawo, da sifesarsa a jakar hannu, an wanke ta da ruwan sabulun wanke-wanke an bar ta ta bushe da kanta ba a goge da tsumma ba.